“It's me” ko “It is I”: wanne ne Turancin gaskiya?

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare, bana shekarata ta biyu a aji. Wata ɗalibata ta rubuta ‘It's me’ a cikin insha'i, na sa jan biro na mayar da shi ‘It is I’, domin haka aka koya mana. Washegari sai ga ta da wayar yayanta, ta kunna mini hirar da aka yi da wani Bature ɗan Ingila, da bakinsa ya ce ‘It's me’. Na rasa ta cewa a gaban yara. Tun daga ranar na fara sa ido, sai na ga har jaridunsu suna rubuta ‘Everybody has their own opinion’, alhali mu an ce mana ‘his’ ne daidai. Shin Turawan ne ke ɓata harshensu, ko littattafanmu ne suka yi kuskure? Kuma wanne zan koya wa yara, na littafi ko na baki?”

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira, ya yi wa yaran albarka. Kafin komai, ki mayar wa yarinyar nan makinta. “It's me” lafiyayyen Turanci ne, shi ne abin da ɗan Landan yake faɗi in ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ce wane ne, mai digiri da marar digiri. “It is I” ma ba kuskure ba ne, sai dai babbar riga ce ta zuwa fada, ba a sa ta a tafi cefane. Kada kuma abin ya dame ki. Abin da aka koya miki kika koyar da zuciya ɗaya, waɗanda suka koya miki su ma daga littafi suka ɗauko.

In na fahimci wasiƙarki, abu biyu kike nema. Idan littafin nahawu ya ce kaza, masu harshen suka ce kaza, maganar wa za a ɗauka? Sannan ke da kike tsaye gaban yaran da jarrabawa ke jira, me za ki sa su riƙe? Na daɗe ina koyar da Turanci ina duba takardun ɗalibai, kuma inda na tsaya shi ne: daga bakin mutane aka samo nahawu, amma ba kowane baki ba, ba kuma a kowane zama ba.

Turanci ba shi da alƙali

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajurumiyya ya riga ya san rabin amsar. Malaman nahawu na farko a Basra da Kufa ba zama suka yi suka ƙaga wa Larabawa yadda za su yi magana ba. Fita suke yi zuwa wurin Larabawan ƙauye, su saurara, su tattara waƙoƙi da zantuka, daga ciki su tsamo ƙa'ida. Shi ya sa har yau in kalma ta saɓa wa ƙiyasi amma an tabbatar an ji ta daga bakin Larabawa, malam zai ce maka wannan sama'i ne, a riƙe shi yadda aka ji shi.

Sai dai Larabci yana da turke. Alƙur'ani ya ɗaure fasihin Larabci wuri ɗaya, duk yadda Larabcin kasuwar Alƙahira ko na Khartum ya sauya, akwai ma'aunin da ba ya motsi. Mu da muka tashi a kan wannan, sai mu zaci kowane harshe yana da wani littafi guda da in an buɗe shi gardama ta ƙare. Turanci ba shi da irin wannan turke, ba shi ma da hukuma. Faransawa sun kafa majalisar kula da harshensu tun 1635. A Ingila marubuci Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a 1712, maganar ta bi ruwa. Har gobe babu ofishin da ke da ikon cewa wannan kalma ta halatta, waccan ta haramta. Abin da ake kira daidaitaccen Turanci shi ne abin da marubuta masu kula, da editocin jaridu, da masu buga littattafai, da kotuna da jami'o'i suka saba rubutawa kuma suke karɓa daga juna. Ƙamus nagari sawun waɗannan yake bi yana rubuta abin da ya tarar.

To ina aka samo hana “It's me”? A ƙarni na 18 kasuwanci ya buɗe a Ingila, 'ya'yan 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi kuɗi, suna son shiga cikin manya ba tare da bakinsu ya tona asalinsu ba. Nan littattafan gyaran harshe suka yi kasuwa. Robert Lowth, malamin coci wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya fitar da nasa a 1762. Lindley Murray ya biyo baya a 1795 da littafin da ya mamaye makarantun Ingila da Amurka shekaru da dama. Waɗannan mutane da Latin aka yaye su a makaranta, a idonsu shi ne cikakken harshe. A Latin kuwa, wakilin sunan da ya biyo bayan aikatau mai ma'anar “to be” siffar aikau, wato ta mai yin aiki, yake ɗauka. Sai suka yanke cewa a Turanci ma dole “I” da “he” da “she” ne za su biyo bayan “is”, alhali tun ƙarni na 16 ana jin duka biyun. Ko a zamanin nasu akwai wanda bai bi su ba. Joseph Priestley, masanin kimiyyar nan da ake danganta wa gano iskar oksijin, ya rubuta nasa nahawun a 1761, kuma shi a wurinsa al'adar masu magana ce ma'aunin harshe. Amma littafin da ke cewa “yi, bari” ya fi sauƙin koyarwa a aji a kan wanda ke cewa “ya danganta”, don haka na su Lowth suka ci kasuwa. Jikokin waɗannan littattafai ne suka biyo Turawan mishan da na mulkin mallaka har suka iso mana.

Nan ne abin ya taɓo mu. Bature a bakin uwarsa ya fara jin Turanci, ya je makaranta aka ɗora masa ƙa'ida a kai, ya riƙe wadda ya riƙe ya watsar da saura. Mu kuwa ta ƙofar littafi muka shiga. Wannan ne ya ba Turancin dattawan da suka fito daga Kwalejin Katsina, irin su Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsaftar nan da ake yabawa har yau. Shi ne kuma ya sa muka fi mai kora shafawa a kan wasu ƙa'idojin da masu harshen suka daɗe da saki.

Dokokin da suka faro daga ra'ayin mutum ɗaya

An ce mana kada a rufe jimla da ƙananan kalmomin nan irin su “with” da “to” da “at”. Mawaƙi John Dryden, wanda aka fi danganta wa wannan doka, ya kushe hakan a 1672, shi da ya faɗa da kansa cewa in ya yi shakkar jimlarsa, juya ta yake yi zuwa Latin ya ga ko ta zauna. Lowth ma bai haramta ba. Cewa ya yi harshen ya karkata ga hakan a maganar yau da kullum, tsarin da ba ya barin kalmar a ƙarshen jimla kuma ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Masu kwafa daga gare shi ne suka mayar da shawara doka. Henry Fowler, marubucin littafin gyaran Turanci wanda ba a san shi da sassauci a kan harshe ba, camfi ya kira ta a 1926. Ki gwada da kanki: kowa “What are you looking at?” yake cewa, ba za ki ji mai cewa “At what are you looking?” ba.

Misalinki na biyu ya fi wannan daɗin bayani, domin Hausa tana haska shi. In ladan ya ce “an bar waya a masallaci, a zo a ɗauka”, bai ce namiji ba bai ce mace ba, “an” da “a” sun ɗauke masa nauyin. Turanci ba shi da wakilin suna mai wannan aiki, saboda haka tun ƙarni na 14, zamanin mawaƙi Chaucer, masu harshen suke amfani da “they” da “their” bayan “everybody” da “someone” da “anyone”. Yana cikin rubutun Shakespeare, yana cikin na Jane Austen. Wata malamar makaranta, Ann Fisher, ita ce ta rubuta a nahawunta na 1745 cewa “he” ya wadatar ga namiji da mace, sannan a 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar cewa a cikin dokokin ƙasa lafazin namiji ya haɗa da mace. Makarantu suka ɗauka suka riƙe, baki kuwa bai taɓa bari ba. Yau manyan ƙamusoshin Oxford da Merriam-Webster duk sun karɓi “Everybody has their own opinion”.

Za ki ji mai cewa ai “they” jam'i ne, ta yaya zai tsaya wa mutum ɗaya? Ki tambaye shi labarin “you”. Asalinta jam'i ce, daidai da “ku”, mutum ɗaya kuwa “thou” ake ce masa. Da mutane suka fara ce wa mutum ɗaya “you” don girmamawa, kamar yadda mu ma muke ce wa dattijo “kun tashi lafiya?”, sai abin ya bazu har “thou” ta fara ɓacewa. A 1660 George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar Kirista ta Quaker, littafi guda ya fitar yana yaƙar wannan a matsayin jahilci. Yau ga shi ke da ni muna ce wa ɗalibi ɗaya tilo “you are”, da aikatau na jam'i, babu wanda ya ɗauke shi kuskure. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Amma kada ki ɗauka kullum baki ne ke kayar da littafi. A ƙarni na 18 masu ilimi suna rubuta “you was” in da mutum ɗaya suke. Lowth ya yi masa kaca-kaca, kuma ya fita daga daidaitaccen Turanci bai dawo ba. Haka korewa biyu a jimla ɗaya, irin “I didn't see nobody”. Chaucer yana jera korewa uku ko huɗu a jimla. Hujjar da aka kawo, wai korewa biyu suna cinye juna su koma tabbatarwa, hujja ce ta lissafi da aka jawo wa harshe. Ai mu ma “ban gani ba” muke cewa da “ba” biyu, kuma ba wanda zai fahimci cewa mun gani. Duk da raunin hujjar, hukuncin ya zauna: yau wanda ya rubuta haka a takardar neman aiki za a yi masa kallon wanda bai yi karatu ba. Bambancin “less” da “fewer” ma haka. Wani Robert Baker ne ya ce a 1770 shi dai “fewer” ta fi masa daɗi ga abin da ake ƙirgawa, alhali ana amfani da “less” a wannan gurbi tun zamanin Sarki Alfred, shekara fiye da dubu da suka wuce. Ra'ayin nasa ya kama ƙasa har ya kai a 2008 kantunan Tesco na Birtaniya suka fara sauya allon “10 items or less” zuwa “up to 10 items”. Kin ga ashe tarihin ƙa'ida ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin tambaya shi ne, a yau, masu rubutu da kula sun karɓa ko ba su karɓa ba?

Inda jan biro yake da aiki

“She have two children.” “I didn't went.” “Furnitures”, “advices”, “discuss about”. Waɗannan babu editan kirki a Landan ko Legas da zai bari su wuce, kuma su ne ke cinye makin yaranmu. In za ki kashe lokacin aji, nan za ki kashe shi. Da yawansu in kika tona za ki tarar Hausa ce kwance a ƙarƙashi. Yaro ya ce “Borrow me your biro” domin “ara” ɗaya ce a wurinmu, mai bayarwa da mai karɓa duk ita suke amfani da ita, Turanci kuwa ya raba “lend” da “borrow”. Ya ce “I am hearing the smell” domin “ji” ta ɗauke mana kunne da hanci da harshe. Ya ce “drink medicine” domin magani shan sa muke yi, ko ƙwaya ce. Na gwada na gani: ranar da kika nuna wa yaro jimlar Hausar da ke ƙarƙashin Turancinsa, ranar zai daina, abin da zagaye goma na jan biro bai yi ba.

Akwai kuma kuskuren da mu malamai muke haifarwa da hannunmu, kuma shi ya fi damuna. Yaron da aka yi ta gyara wa “me” zuwa “I” sai ya tsorata da “me” gaba ɗaya, ya ɗauka kalmar marasa ilimi ce. Daga nan sai ki ji babban mutum a taro yana cewa “between you and I”, ko “He invited my wife and I”. Garin neman gira an rasa ido. Maganinsa mai sauƙi ne: a cire ɗaya mutumin a saurari abin da ya rage. Ba mai cewa “He invited I”, saboda haka “my wife and me” ne daidai.

Sai namu na gida. Mutum yana fita ya ce “I am coming”, wato “ina zuwa”. Ya tarar da mai aiki ya ce “well done”, wato “sannu da aiki”. Ya ga wani ya yi tuntuɓe ya ce “sorry”, wato “sannu”. Nahawun waɗannan lafiya lau yake, ma'anar ce tamu, kuma ba na ganin dalilin jin kunyarsu a tsakaninmu. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “next tomorrow” da “okada” da “ember months” da “Kannywood”. Na ji daɗin hakan ƙwarai. Sai dai ɗalibai da yawa sun fahimce shi a baibai. Ƙamus ɗin shaida ya bayar cewa 'yan Najeriya suna faɗin haka, ya kuma liƙa wa kalmomin alamar ƙasarsu. Bai ce mai duba IELTS, jarrabawar gwajin Turanci ta ƙasa da ƙasa, zai gane su ba. Ki ɗauki “severally”, wadda ita ma tana cikin jerin. Mu “sau da yawa” muke nufi da ita. A Turancin shari'a da kwangila kuwa ma'anarta “kowa a kan kansa”, kamar a “jointly and severally”. Wanda ya rubuta wa kamfanin waje “I called you severally” ya faɗi abin da mai karatu zai tsaya yana juyawa.

A cikin aji

Nakan fara da Hausa, domin a nan yara suke da kunne. Bazazzagi ya ce “mace ne” da “motan Audu”. Basakkwace ya ce “shi na”, “ita ta”. Wa zai tashi ya ce ba su iya Hausa ba? Harshen iyayensu ne, da shi suke ciniki da wa'azi da waƙa. Amma in sun zauna jarrabawar Hausa “mace ce” da “motar Audu” za su rubuta, domin a kan Kananci aka gina daidaitacciyar Hausa, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 da ita ta yi rubutu. Da zarar yaro ya gane wannan a harshensa, ba ya wahalar gane shi a Turanci.

Daga nan sai na raba alamata biyu. Zagaye na jan biro ga kuskuren da ba a karɓa ko'ina, layi a ƙasa kuma ga abin da yake daidai amma bai dace da wurin ba, tare da 'yar magana a gefe: “wannan na hira ne”. Nakan sa su rubuta saƙo ɗaya sau biyu, ɗaya ga aboki ɗaya ga shugaban makaranta, mu jera a allo mu ga abin da ya sauya. Jarrabawar WAEC kanta ta san da wannan bambanci, shi ya sa take da wasiƙar zumunci da wasiƙar aiki. A ta zumunci “I'm” da “don't” da “It's me” sun dace, rashinsu ma yakan sa wasiƙar ta yi tauri. A ta aiki a cika kalmomi a guji maganar hira. A tambayoyin canki-canka kuwa, in aka jera “I” da “me” bayan “It is”, musamman in “who” ta biyo baya, shawarata ga ɗalibi ita ce ya zaɓi na littafi, kuma ina gaya masa dalili a fili: masu tsara irin waɗannan tambayoyi tsohuwar ƙa'ida suka fi bi. Ki kuma koya musu karanta 'yan alamomin da ke gefen kalma a ƙamus ɗin ɗalibai na Oxford, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948. “Formal”, “informal”, “non-standard”: yawancin yara tsallake su suke yi su tafi ga ma'ana, alhali amsar irin tambayarki sau da yawa a nan take.

Ma'aunin nan nawa yana da iyaka, kuma gara in faɗa miki. Kan iyakar da ke tsakanin karɓaɓɓe da abin ƙi tafiya take yi, kuma editoci kansu ba bakinsu ɗaya ba. “Whom” tana ja da baya, “Who did you see?” ta zama gama-gari, amma “To whom it may concern” tana nan daram. “The data is” ta shiga jaridu, wasu mujallun kimiyya har yanzu “the data are” suke so. Ni kaina kunnena bai yarda da “less people” ba, ina ja mata layi a rubutun aiki, amma nakan gaya wa ɗalibai cewa al'adar editoci nake bi, kuma za su ji ta a bakin Turawa masu ilimi. Sannan duk abin da na faɗa na auna shi ne da jarrabawa da rubutun ofis na ƙasarmu, waɗanda suka fi bin tsarin Birtaniya. Ba'amurke yana cewa “gotten” da “different than”, ɗan Ingila yana cewa “the team are playing well”, kowanne daidai ne a gidansa. Ɗalibin da zai tafi karatu Amurka sai ya nemi tsarin rubutun jami'ar da ta ɗauke shi ya bi.

Ranar Litinin ki rubuta jimlolin biyu a allo, “It's me” da “It is I who am responsible”, ki tambayi ajin wa zai faɗi wacce, ga wa, a wane wuri. Ki yaba wa yarinyar a gabansu saboda ta je ta binciko maimakon ta yi shiru. Sannan ki ba su aikin gida: kowa ya kawo jimla uku da ya ji a rediyo ko ya gani a jarida waɗanda suka saɓa wa littafinku, ku buɗe ƙamus tare ku ga wace alama aka sa wa kowacce.